Martani Ga Mai Kiran Kowa Ya Sha Ƙwayar Ƙarin Kuzari

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya yi doguwar maƙala a kan gajiya da kasala, inda ya shawarci duk mai tashi da safe jiki a mace da ya rungumi ƙwayoyin ƙarin kuzari. Maƙalar ta yi farin jini, ana ta tura ta daga waya zuwa waya, har na ji matan gida suna cigiyar inda ake sayar da abubuwan da ya lissafa. Magana in ta kai ga mutane za su tsakuri kuɗin cefane su sayi abin da za su haɗiya, ta wuce a yi mata shiru.

Bari in kawo hujjar Malam marubucin yadda ya kafa ta, kada in zalunce shi. Ya ce a cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wasu 'yan mitsi-mitsin sassa da ake kira maitokondiriya. Su ne ke sarrafa abincin da muka ci su fitar da wani sinadari mai suna ATP, wanda da shi tsoka ke motsi, zuciya ke bugawa, ƙwaƙwalwa ke tunani. Ya ce wannan aiki ba ya yiwuwa sai da bitamin na rukunin B, da sinadarin ƙarfe, da maganiziyam, da wani da ake kira CoQ10. Daga nan ya ce abincin zamani ya zama holoƙo, ƙasar noma ta gaji, don haka kusan kowa na fama da ƙarancin waɗannan sinadarai bai sani ba, kuma wannan ne asalin gajiyar da ta addabi jama'a. Mafita a wurinsa ita ce kowa ya riƙa shan haɗin nan kullum. Ya ƙara da cewa ba su da illa tunda dama jiki ya san su, suna ɗauke da lambar NAFDAC, ga kuma ɗimbin mutanen da suka sha suka ba da shaida. Ya rufe da cewa asibiti tsada gare shi da dogon layi, gara talaka ya taimaki kansa.

Rabin farko na maganar nan gaskiya ne, ba ni da ja. Jikin babban mutum yana ƙera ATP yana kashewa, yana sake ƙerawa, har abin da ya juya a yini guda ya kusa nauyin jikinsa. Bayanin yadda maitokondiriya ke wannan aiki shi ya sa aka ba Peter Mitchell, ɗan Ingila, lambar yabo ta Nobel a 1978. Inda muka raba hanya da Malam shi ne tsallen da ya yi daga cewa jiki na buƙatar abu, zuwa cewa ƙara abin zai ƙara ƙarfi. Bai kawo hujja ko ɗaya da ta haɗa maganganun biyu ba.

Dubi injin markaɗe na unguwa. Da mai yake tashi, da giris yake juyawa lafiya. Abinci shi ne man: giram ɗaya na sitaci ko furotin yana ba da kalori 4, na maiƙo yana ba da 9. Bitamin ba ya ba da kalori ko ɗaya, aikinsa irin na giris ne. In giris ya ƙafe, inji zai yi ta kuka yana ɗaukar zafi, ana shafa masa sai ya daidaita. Amma injin da giris ɗinsa ke cike, in ka lafta masa ƙarin gwangwani guda, gudunsa zai ninka? Wanda bel ɗinsa ya tsinke fa, giris zai tashe shi?

Tarihin gano bitamin kansa yana gefena. A shekarun 1890, wani likita ɗan Holan mai suna Christiaan Eijkman yana aiki a tsibirin Java na Indunusiya ta yau, sai ya lura kajin da ake ba farar shinkafa surfaffiya suna kamuwa da shanyewar ƙafa irin ta cutar beriberi, ana mayar da su kan shinkafa mai dusarta sai su miƙe. Abin da ke cikin dusar shi ne aka gano daga baya, aka kira shi bitamin B1. Kajin sun warke ne don an mayar musu da abin da aka raba su da shi. Babu wanda ya ce lafiyayyar kaza ta fi 'yan'uwanta gudu don an ninka mata dusa.

Ku leƙa kemis ɗin bayan layi da magariba. Za ku tarar da magidanci kwance a kan benci bayan labule, an rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusa, an fasa 'yar kwalbar bitamin B an zuba, ruwan ya koma launin ɗorawa yana ɗiga. Ba amai yake ba, ba gudawa ba, gajiya kawai ya ce yana ji. Washegari in ya ga fitsarinsa ya rine rawaya, sai ya ce magani ya ratsa shi. Wannan launi na bitamin B2 ne, ƙoda ce ke zubar da rarar da jiki bai buƙata. Ya biya kuɗi, an huda masa jijiya a wurin da ba a tabbatar da tsabtarsa ba, in yana da raunin zuciya ko na ƙoda ruwan ma na iya cutar da shi, kuma abin da ya gajiyar da shi yana nan inda yake.

Bitamin B12 da Malam ya yi ta yabo, abin da babba ke buƙata a rana bai wuce maikirogiram 2.4 ba, hanta kuma tana ajiye wanda zai ishi mutum shekaru. Akwai masu ƙarancinsa da gaske: tsofaffin da cikinsu ya rage tsotsarsa, masu ciwon suga da suka daɗe suna shan metformin, waɗanda aka yi wa aiki a tumbi, da waɗanda nama, kifi, ƙwai da nono suka yi wa nisa ƙwarai. Ga waɗannan B12 magani ne babba, yana iya ceton jijiyoyinsu. Shin kowa da ke hamma a ofis yana cikinsu?

CoQ10 kuwa, Frederick Crane ne ya fara ciro shi daga zuciyar saniya a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1957. Abin da Malam bai faɗa ba shi ne jiki da kansa yake ƙera shi, shi ya sa ma ba a lissafa shi cikin bitamin. Gwajin da masu sayar da shi suka fi kafa hujja da shi, wanda aka wallafa a 2014, an yi shi ne a kan mutum 420 masu ciwon gazawar zuciya, suna shan miligiram 300 kullum tare da sauran magungunansu, likitoci na lura da su. Sakamakon ya ba da ƙwarin gwiwa, ban musa ba. Akwai kuma wasu ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna sauƙin gajiya, akasarinsu a kan masu wata cuta da aka riga aka gano. Ta yaya za a ɗauki abin da aka gani a jikin mai ciwon zuciya a ɗora wa malamin makarantar da bai samu barcin kirki ba? Ga shi kuma yana iya rage ƙarfin warfarin, maganin da ake ba masu daskarewar jini, maƙalar ba ta ko ambaci haka ba.

A kan sinadarin ƙarfe zan daɗe, don nan ne Malam ya fi kusa da gaskiya, nan ne kuma shawararsa ta fi haɗari. Ƙarancin jini matsala ce babba a ƙasar nan. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya gano kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da shi, yara 'yan wata 6 zuwa 59 kuwa kashi 68. Jini in ya yi ƙasa, iskar oksijin ba ta isa tsoka yadda ya kamata, mutum zai riƙa haki in ya hau tudu, jiri na ɗibarsa in ya miƙe. Har ma wadda jininta bai faɗi ba, in ajiyar ƙarfen jikinta ta yi ƙasa, tana iya fama da kasala. A wani gwaji da aka yi a Suwizalan aka wallafa a 2003, an ɗauki mata 144 masu gajiya waɗanda ba su da ƙarancin jini. Waɗanda aka ba sinadarin ƙarfe gajiyarsu ta ragu da kashi 29 cikin 100, waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta ta ragu da kashi 13. Da na tsaya a nan, da Malam ya ci gari. Sai dai, na farko, masu binciken sun ƙara da cewa amfanin ya bayyana ne kawai ga matan da awon feritin, wato ma'aunin ajiyar ƙarfe, ya nuna tasu ta yi ƙasa. Sauran sun sha, ba su ga komai ba.

Na biyu, jini ba ya ƙaranci haka kawai. Wani zazzaɓin cizon sauro ne ke fasa masa jini, mu kuwa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan cuta a duniya a Nijeriya suke. Wata jinin al'ada ne ke mata yawa saboda ƙari a mahaifa. Wata haihuwa ce a kai a kai ba hutu. Yaro tsutsar ciki ce ko tsargiya. Dattijon da jininsa ke raguwa ba dalili, wataƙila gyambon ciki ne ke tsiyaya a ɓoye, ko wani ƙari a hanji wanda in an gano shi da wuri ake samun sa'a. Ka miƙa wa wannan dattijo kwalbar maganin ƙarin jini ka sallame shi, me ka yi masa? Ka ɗan ɗaga masa jini, ka jinkirta ranar da za a gano inda yake zuba.

Na uku, jiki ba shi da hanyar fitar da rarar sinadarin ƙarfe yadda yake zubar da bitamin B. Taruwa yake a hanta da zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila duk shekara a Nijeriya. Mai sikila kullum jininsa ƙasa yake, kullum cikin gajiya yake, amma wanda ake yawan yi wa ƙarin jini ƙarfe ya riga ya yi masa yawa. Uwar da ta karanta maƙalar Malam ta saya wa irin wannan yaro ƙwayar ƙarfe, wa zai ɗauki alhakin? A tsibirin Pemba na Tanzaniya, inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, an yi gwaji a kan yara ƙanana fiye da 24,000. Dole aka dakatar da ba su ƙarfe da folik asid tun kafin wa'adi, don an ga waɗanda ke sha sun fi sauran fuskantar kwanciya asibiti ko mutuwa da kashi 12 cikin 100. An wallafa sakamakon a 2006. Tun daga nan shawarar masana ita ce a irin yankunanmu a haɗa ba yara ƙarfe da kariya da maganin zazzaɓi. Ƙwayoyin nan kuma in ƙaramin yaro ya samu kwalbarsu ya haɗiye da yawa, guba ce mai kisa.

Wannan ya kawo mu kan cewa wai ba su da illa. A Finlan an ba maza masu shan taba fiye da 29,000 wasu sinadarai don a ga ko za su kare su daga kansa. Sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna waɗanda suka sha beta-karotin, sinadarin da ke cikin karas da manja, kansar huhu ta ƙaru a cikinsu da kashi 18 cikin 100. Wani gwajin a kan maza fiye da 35,000, wanda aka bayyana a 2011, ya nuna ƙwayar bitamin E ta ƙara haɗarin kansar mafitsara ta maza da kashi 17. Bitamin B6 in aka daɗe ana shan mai yawa yana lalata jijiyoyi, tafin hannu da ƙafa su riƙa mutuwa. Bitamin A mai yawa yana iya nakasa ɗan tayi. Maganiziyam yana sa gudawa, ga mai ciwon ƙoda kuma haɗari ne, alhali gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi duk suna ɗauke da shi. Karas a miya daban, sinadarinsa da aka tace aka dunƙule a ƙwaya aka ninka shi daban.

Lambar NAFDAC tana da amfaninta, tana nuna an san kayan da mai su. Amma ina roƙon Malam ya juya kwalbar ya karanta ƙananan rubutun da ke bayanta. A jikin da yawa daga cikin irin waɗannan kayayyaki an rubuta ƙarara cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi a kansu ba. Waɗanda ake shigowa da su daga Amurka ma, dokar can ta 1994 ba ta wajabta wa kamfani ya tabbatar ƙwayarsa na aiki kafin ya kai ta kasuwa ba.

Saura shaidar waɗanda suka sha suka ji daɗi. Ban ƙaryata su ba, na yarda sun ji sauƙi. Amma a wani gwajin da aka yi a Faransa a kan mata 198, aka wallafa a 2012, waɗanda aka ba ƙwayar da babu komai a cikinta sun ce gajiyarsu ta ragu da kusan kashi 29 cikin 100. Da an nemi shaidarsu, da sun rantse maganin na aiki. Sa rai yana da tasiri a jiki, gajiya kuma takan zo ta wuce da kanta. Ban da haka, yawancin abin da ake sayarwa da sunan ƙarin kuzari yana ɗauke da kafeyin, irin wanda ke cikin goro da gahawa. Kafeyin ba ya ƙera ATP. Toshe saƙon gajiya yake a ƙwaƙwalwa, kuma bayan awa biyar rabinsa na nan a jini, ya hana barcin dare, gobe a tashi da gajiyar da ta fi ta jiya. Wasu haɗe-haɗen da ake talla a tasha da cikin mota kuwa, irin su sha-ka-fashe, deksametazon ne a ciki: mutum ya ji garau, ya buɗe ciki, fuska ta cika, a ƙarƙashi kuma suga da hawan jini na tashi, ƙashi na rauni.

Ban ce Malam na kiran mutane zuwa ga miyagun ƙwayoyi ba, Allah ya kiyaye. Amma tunanin da maƙalarsa ke shukawa, cewa duk gajiya ƙwaya ce maganinta, shi ne tunanin da ya kai lebura da ɗan acaɓa ga tiramadol don su yi aiki ba su ji a jikinsu ba. Binciken 2018 na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya kiyasta mutum miliyan 4.6 ne a Nijeriya ke shan irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba. Al'ummar da ke cikin wannan hali, mai alƙalami ya kamata ya yi taka-tsantsan da abin da yake koya mata.

Na san wani magidanci, ɗan kasuwa mai ƙwazo, da kasala ta kama. Bakinsa kullum a bushe, gorar ruwa ba ta rabuwa da gefen shimfiɗarsa, dare bai raba ba ya fita fitsari ya dawo ya sake fita. Wandunansa suka yi masa yawa har ya riƙa ƙara ɗaure tazuge. Aka ce jini ne ya yi ƙasa, ya kama shan maganin ƙarin jini mai zaƙi, da lemon molt haɗe da madarar gwangwani, da rana kuma lemon ƙarin kuzari mai sanyi. Ana magani kai na kaba. Sai da wani ɗan rauni a yatsan ƙafarsa ya ƙi warkewa aka kai shi asibiti, aka ɗan tsaga yatsa aka ɗiga jini a na'ura: ciwon suga ne. Duk abin da yake sha don ya samu ƙarfi suga yake ƙara masa. Gwajin da ya tona asirin bai ɗauki minti biyar ba. Haka tarin fuka, ciwon hanta, ciwon ƙoda, matsalar maƙoƙo, cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon damuwa, duk suna iya fara sallama da gajiya. Jiki magayi, in ya yi magana sauraronsa ake yi.

Batun tsadar asibiti gaskiya ne, kuma yana min ciwo kamar yadda yake wa Malam. Sai dai a yi lissafi. Kwalba ɗaya ta irin ƙwayoyin nan na waje, wadda wata guda ke cinyewa, sau da yawa kuɗinta ya isa a yi awon jini, gwajin zazzaɓi, gwajin suga da awon hawan jini a ƙaramin asibitin unguwa. Wanne ne taimakon kai a nan?

Cewa abincinmu ya zama holoƙo kuwa, Malam bai kawo awo ko ɗaya ba. Wake bai daina zama wake ba. Matsalarmu ita ce kwanon talaka ya ƙuntata, tuwo safe tuwo dare, miya ba nama ba kifi. Kuɗin ƙwaya in aka karkatar da shi ga ƙwai, busasshen kifi, hanta, nono, zogale da alayyafo, gida duka zai amfana. Akwai ma dabarun da ba sa cin ko sisi. Shayi yana hana hanji tsotsar ƙarfen da ke cikin abinci, don haka a ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu bayan an ci. Lemon tsami, tumatir da gwaiba kuwa suna taimaka wa tsotsar. Jiƙa hatsi da tsima shi, kamar yadda iyayenmu mata ke yi wa gasarar koko, yana sassauta abin da ke riƙe ƙarfen.

Kada a ɗauka ina gaba da ƙarin sinadarai. Sanya aidin a gishiri da aka wajabta a Nijeriya tun 1993 ya rage maƙoƙo ƙwarai. Mai juna biyu kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid kullum, don haka duk wadda aka ba ƙwayoyin nan a wurin awo ta daure ta sha, ko da suna ɗan tayar mata da zuciya. A duk waɗannan an san wa ke da buƙata, an san adadin, an kuma auna amfanin. Matsayina ke nan, kuma a kansa nake: ƙarin sinadari magani ne ga wanda aka tabbatar ya rasa shi ko yake cikin rukunin da aka san suna rasawa, ga wanda bai rasa ba kuwa asarar kuɗi ce, wani lokacin har da lafiya.

Malam, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba ka alƙalamin da mutane ke saurara, ina roƙonka ka sake ɗaukarsa ka gaya wa waɗanda suka karanta maƙalarka su je a auna su kafin su sayi komai. Kai kuma mai karatu, in gajiya ta wuce mako biyu ko uku ba ta sake ka ba duk da kana samun barci da abinci, je ka a duba jininka, da suga, da zazzaɓi, da hawan jini. In kuwa ta zo da haki, ko rama, ko kumburin ƙafa, ko tarin da ya ƙi tafiya, ko baƙin bayan gida, kada ka biya ta kemis, wuce asibiti kai tsaye.